Sharhin Fim Da Hira Da Darakta: Abin Da Na Koya

Na roƙi Malam Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu don in yi bayani a kan wani aiki da mutane da yawa ke ɗauka wasa ne, watau sharhin fim da hira da masu ba da umarni, waɗanda aka fi sani da daraktoci. Ba don na ƙware na ɗauki alƙalami ba, shekarata 16 kacal. Na ɗauka ne don na yi wani kuskure a bainar jama'a, ina kuwa so abin da na koya daga gare shi ya amfani wani.

ABIN DA YA FARU

A zango na uku na bara, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta shirya wani wasa a kan kuɗin ƙungiyar manoma da suka ɓace daga akwatin da ke zauren mai gari. Mutum 3 ake zargi, ba a kuwa bayyana ɓarawon ba sai a fitowa ta ƙarshe. An tsara za a yi wasan sau 2: daren Asabar don manyan ajujuwa, sa'an nan Lahadi da yamma don ƙananan ajujuwa da iyayen da suka zo ziyara. Ni ina cikin ƙungiyar 'yan jarida, sai aka ce in rubuta sharhi a liƙa a allon sanarwa.

Na kalli wasan ran Asabar, na kwana ina rubutu da tocila a ƙarƙashin bargo. Na kwashe labarin kaf tun daga farko har ƙarshe, har na faɗi cewa ɓarawon ba ya cikin waɗanda ake zargi, ƙanen mai gari ne, wanda ya fi kowa rantsuwa. Na ƙara da cewa wanda ya ba da umarni, wani siniya ɗan ɗakinmu, bai san abin da yake yi ba, tun da har mabuɗi ya faɗo daga aljihun ɗan wasansa a fitowa ta farko, ya yi wuf ya taka shi da ƙafa.

Da gari ya waye na liƙa takardata ina taƙama. Da yamma, ƙanen mai gari na shigowa dandamali, sai 'yan aji ɗaya suka ɗauki ihu, "Ga ɓarawo! Ga ɓarawo!" Zauren taro ya kaure da dariya. Aikin mako 7 ya rushe cikin minti guda, a gaban iyaye, ciki har da mahaifiyar siniyan nan da ta taso daga nesa. Har aka tafi hutu bai sake ce mini uffan ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka liƙa.

Malaminmu na Hausa ya kira ni ofis. Bai doke ni ba. Tambaya 3 ya yi mini: Me wasan ya yi niyyar yi? Ya yi shi ko bai yi ba? Ta yaya ka sani? Na tsaya ina wasa da yatsu. Ya ce in tafi hutu da tambayoyin nan, kada in dawo sai da amsa. To, ga abin da na samo.

MENE NE SHARHI?

Sharhi ba ba da labari ba ne, gama wanda ya ba ka labarin fim kaf ya ƙwace maka daɗin kallo. Ba yabo ba ne kawai, wannan aikin maroƙi ne. Ba kuma zagi ba ne. Sharhi shi ne mutum ya kalli fim da idon basira, ya gane abin da masu fim suka yi nufi, ya auna ko sun kai ga nufinsu, sa'an nan ya kafa hujja da abin da kowa zai iya komawa ya gani da idonsa. In mai sharhi ya ce fim ya yi tsawo, sai ya nuna fitowar da in an cire ta labarin ba zai ragu da kome ba. In ya ce 'yar wasa ta iya, sai ya faɗi inda ta yi shiru, fuskarta ta faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Fim na Hausa ya daɗe. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya zama fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan kasuwa ta buɗe. Da finafinai suka yawaita sai aka sami masu rubutu a kansu. A 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, a shekarar ce kuma Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa ya laƙa wa sana'ar sunan Kannywood. Kun ga ke nan, har sunan da duniya ta san finafinanmu da shi, daga alƙalamin marubuci ya fito, ba daga kyamara ba.

FIM NA ZULLUMI DA FIM NA ZAMAN DUNIYA

Kafin ka auna abu sai ka san irinsa, don ba a auna hatsi da ma'aunin mai. Iri biyu na fi mai da hankali a kansu.

Na farko shi ne fim na zullumi, watau wanda ke sa gaban mai kallo ya riƙa faɗuwa, yana cewa me zai faru, za a kama shi ko zai tsira. Na biyu shi ne fim na zaman duniya, wanda ke bin halin mutane a hankali: uba da ɗa, mata da miji, talauci da arziki, amana da cin amana. A na farko tambayar ita ce me zai faru. A na biyu kuwa tambayar ita ce me abin da ya faru zai mai da mutumin nan.

Wanda ya fi shahara a fim na zullumi shi ne Alfred Hitchcock, mutumin Ingila da ya yi yawancin manyan finafinansa a Amurka, ya rasu a 1980. Shi ne ya bambance tsakanin ba-zata da zullumi da wani misali. A ce mutum biyu na hira a kan tebur, sai bom ya tashi ba wanda ya sani. Mai kallo zai razana na ɗan lokaci, shi ke nan. Amma in an nuna wa mai kallo bom ɗin tun da fari, aka nuna masa agogo da lokacin da zai tashi, to hirar banzar da mutanen nan ke yi za ta zame masa abin tashin hankali, har ya ji kamar ya yi musu tsawa su gudu. Watau zullumi na zuwa ne daga abin da darakta ya zaɓa ya sanar da kai, da abin da ya ɓoye, da lokacin da ya bayyana shi.

Da na fahimci wannan sai na gane girman laifina. Sirrin labari dukiyar darakta ce, shi ya san sa'ar da zai buɗe ta. Har Hitchcock ɗin, sa'ad da ya fitar da fim ɗinsa Psycho a 1960, ya sa an hana kowa shiga gidan silima in an riga an fara, ya kuma roƙi masu kallo kada su faɗa wa kowa ƙarshensa. Ni kuwa na liƙa ƙarshen wasan mutane a allo.

Finafinanmu na yanzu masu dogon zango sukan haɗa iri biyun nan. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, labarin zaman yau da kullum na mutanen gari guda. A 2019 ta kawo Kwana Casa'in, labarin siyasa a wani wuri ƙagagge mai suna Alfawa, inda Sani Mu'azu ya fito a Gwamna Bawa Maikada, Salisu T. Balarabe kuma ya ba da umarni. Ku lura, sunan kansa agogo ne, yana shaida maka akwai wa'adi. A 2020 Aminu Saira ya fara Labarina, wanda ya sa sunan Baba Ɗan Audu ya bi Rabi'u Rikadawa har kasuwa. A shekarar ce kuma aka fara Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube, wanda marigayi Nura Mustapha Waye ya ba da umarninsa har rasuwarsa a 2022. Irin waɗannan sukan yanke kashi daidai inda magana ta yi zafi don ka dawo mako mai zuwa. Aikin mai sharhi ne ya duba: in ka dawo, an biya ka bashin da aka ɗauka, ko kuwa an ƙara jan ka ne kawai?

RANAR DA NA YI HIRA DA DARAKTA

Allah da ikonsa, cikin hutun nan wasu 'yan fim suka karɓi hayar gidan Kawuna na kwana 3 don ɗaukar wani shiri. Ni ne ɗan aike, ina kawo ruwa, ina korar yara daga bakin zaure. A nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Fitowa guda, wadda ba ta wuce minti 2 ba, ta ci tun daga hantsi har la'asar. Sau 9 aka maimaita ta. Wani karo babur ya wuce, wani karo zakara ya yi cara, wani karo ɗan wasa ya manta maganarsa. Da aka dawo daga sallar azahar rana ta juya, inuwa ta canza wuri, sai da aka sake jera kome. Akwai ma wani saurayi da littafi a hannu, aikinsa kawai ya tuna hannun da mace ta riƙe buta da shi, da yadda ta ɗaura kallabi, don kada a haɗa hoto a ga sun saɓa.

A rana ta uku na yi ta maza, na durƙusa na gai da daraktan yana shan shayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wane jarumi ne ya fi tsada?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan samari, wannan tambayar 'yan bakin titi ce." Kunya ta kama ni. Sai na tuna wani abu da na lura da shi jiya, na ce, "To, Yallaɓai, me ya sa da matar nan ke ɓoye takarda a ƙarƙashin katifa ka sa aka kai kyamara bayan labule, alhali ga fili a tsakar ɗaki?"

Ya ajiye kofi, ya dube ni, ya ce in zauna. Ya bayyana mini cewa so yake mai kallo ya ji kamar laɓe yake yi, ya ga abin da maigidan bai gani ba. Daga nan duk sa'ad da maigidan ya zauna a bakin gadon, gaban mai kallo zai faɗi. Na ce a raina, ashe bom ɗin Hitchcock ne ya shigo ɗakin Gwaggo.

Muka yi kusan rabin sa'a. Na tambaye shi me ya sa wasu finafinai ke cika da doguwar hira a falo. Ya ce kowace rana a wurin ɗauka kuɗi ce: haya, abinci, man janareta, sallamar ma'aikata, hira a ɗaki guda kuwa ta fi kome araha. Ga shi kuma mai dogon zango dole ya fitar da kashi kowane mako. Amma ya ja kunnena cewa kada in mai da wannan uzuri in rufa wa fim asiri, don mai kallo lokacinsa ya bayar, shi ma dukiya ne. Ya ce suka ba ta dame shi ba, abin da ke masa ciwo shi ne suka marar dalili, yabo marar dalili kuwa bai taɓa ƙara masa kome ba.

LADUBBAN HIRA

Daga wannan zama, da abin da na karanta a laburare, na tsamo abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kada ka je wurin darakta sai ka kalli aikinsa, in da hali sau biyu: na farko don jin daɗi, na biyu da alƙalami a hannu. A 1962 wani Bafaranshe mai suna François Truffaut, wanda ya fara da sharhin fim kafin shi ma ya zama darakta, ya tafi Amurka ya zauna da Hitchcock kimanin mako guda, da tafinta a tsakaninsu. Ya bi finafinansa ɗaya bayan ɗaya. Hirar ta fito a littafi a 1966, har yanzu masu koyon fim na karanta ta. A cikinta ne ma aka ba da misalin bom ɗin nan. Da bai yi shiri ba da bai samo wannan ba.

Na biyu, ka tambayi dalilin abin da ka gani, ba tsegumi ba. Wa ya auri wa, wa ya yi faɗa da wa, ba su ƙara wa mai karatu ilmi. Tambaya mai kyau takan tono abin da ido ba zai gani ba. Alal misali, fim ɗin The Milkmaid na 2020, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, yawancinsa da Hausa, yana ba da labarin wasu 'yan matan Fulani biyu, ya da ƙanwa, masu tallan nono, da masu tayar da ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu. Daraktansa Desmond Ovbiagele ya bayyana cewa hoton matan nan biyu masu ɗauke da ƙwarya a bayan takardar naira 10 ne ya sa shi tunanin labarin. Dukanmu mun riƙe naira 10 sau ba adadi, amma ba don an tambaye shi ba, wa zai san daga nan fim ya tsiro? Fim ɗin ne Nijeriya ta aika gasar Oscar a wancan karo, Maryam Booth kuma ta sami lambar yabo ta finafinan Afirka a kansa. A 2024 ma wani fim na Hausa, Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, shi aka zaɓa ya wakilci ƙasar.

Na uku, ka rubuta abin da aka faɗa maka daidai, kada ka ƙara gishiri. Amana ce.

Na huɗu, wanda ya fi wuya: kada kirkin darakta ya sa ka canza gaskiya. Ya ba ka shayi, ya kira ka ɗan samari, amma in fim ɗinsa ya yi rauni a wani wuri, ka faɗa cikin ladabi da hujja. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Haka kuma abin da darakta ya ce ya yi nufi ba shi ne hukunci na ƙarshe ba. In bai fito a fim ba, to bai fito ba.

GA IYAYENMU

Na san iyaye da yawa ba su son jin zancen fim, kuma suna da hujja. Da Babana ya ji na yi kwana 3 a cikin 'yan fim, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce ba don wannan yake biyan kuɗin littattafaina ba. Sai da Kawu ya sa baki, ni kuma na kawo littafina na karanta masa abin da na rubuta. Ya yi shiru, can ya ce, "To, in dai da tunani kake kallo, ba da baki buɗe ba."

Wannan magana ta Baba ita ce roƙona gare ku. Gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, amma hukuma ba za ta iya zama a kowane ɗaki ba, balle yanzu da fim ke shigowa ta waya daga kowace ƙasa. A makaranta an hana mu waya, amma hutu na zuwa. Yaron da aka koya wa tambaya, me fim ɗin nan ke so in yarda da shi, wace dabara aka yi don in so wannan in ƙi wancan, shin haka rayuwa take, to ya sami mai tacewa a cikin kansa, wanda zai bi shi duk inda ya je. Ku zauna da mu ko da kashi ɗaya ne, ku yi mana tambayoyin nan. Za ku ji abin da ke cikin zukatanmu fiye da yadda faɗa zai fito da shi.

KAMMALAWA

Da muka dawo hutu na sami siniyan nan, wanda yanzu yake ajin ƙarshe, bayan sallar isha'i. Na ce, "Siniya, na zo neman gafara, kuma ina da tambaya. Me ya sa mabuɗin nan ya faɗi?" Ya daɗe yana kallona kafin ya amsa. Ya ce da gangan ne. Mabuɗin akwatin ne. Kwana 4 suka yi suna gwada yadda zai faɗi, don mai lura ya gani ya riƙe a ransa, in an zo ƙarshe ya ce ashe tun farko an nuna mini. Watau abin da ya fi kome kyau a wasan shi ne na kira kuskure. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Na sake rubuta sharhin, na kai wa Malam, aka liƙa a inda na liƙa na farko. A ciki na yabi dabarar mabuɗi, na kuma ce fitowa ta uku ta yi tsawo, don sau biyu aka maimaita shari'ar makiyayi ba tare da sabon bayani ba. Siniya ya karanta, ya ce bai yarda da ni a kan fitowa ta uku ba, amma ya ba ni izinin zama a wurin gwajin wasansu na bana. Ban iya mayar wa mahaifiyarsa da yammacin da na ɓata mata ba, wannan kam yana nan a raina.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda aka ba alƙalami ya yi sharhi, ya tuna da tambayoyin Malam guda 3, ya riƙe sirrin ƙarshen labari, in kuma ya ga abin da bai gane ba, ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Matambayi ba ya ɓata.